Yadda zaka karanta Ikonomiks da kanka ka ci WAEC, NECO da JAMB ko da babu malami a garinku

Wannan maganar da ƙannenmu na karkara nake yinta, wato ku da kuka ɗauki Ikonomiks a sakandare amma tun SS1 ba'a samu tsayayyen malami ba sai ɗan bautar ƙasa da zai zo ya yi wata bakwai takwas ya rubuta not a allo ya ƙara gaba, da kuma ku da kuka riga kuka zauna sakamako ya fito da D7 ko F9 kuna son ku sake zama a jarrabawar ƴan waje, wato ta waɗanda suka riga suka gama makaranta. Toh abun da nake so ku fara yarda dashi shine darasin nan ba da ido ake karanta shi ba, da biro ake karanta shi. Yaro zai kwanta a tabarma da littafi yana bi layi-layi yana gyaɗa kai yana cewa ai ya gane, kuma gaskiya ne ya gane ɗin, dan duk wanda ya taɓa raka babansa Maigatari ran Alhamis ko Wudil ran Juma'a ya riga ya san rabin abun da littafin yake faɗa, amma ranar jarrabawa ba'a tambayarka ko ka gane, cewa za'a yi ka cike tebur, ka zana giraf, ka yi bayani da turanci, kuma waɗannan ukun hannu ne yake koyonsu.

Sunayen abubuwan zan rubuta su yadda muke faɗarsu a baki, kai kuma sai ka duba littafinka kaga ainihin yadda ake rubuta su, dan da turanci zaka bada amsa.

Fara da sanin abun da zaka tarar a ɗakin. Ikonomiks na WAEC takarda biyu ce. Ta farko objektif, tambaya 50 a awa ɗaya, maki 50. Ta biyu tiyori, awa biyu, maki 80, tambayoyi takwas ne amma huɗu zaka amsa, ɗaya dole daga sashen A, uku kuma ka zaɓa daga sashen B. Sashen A ɗin nan shine wanda za'a baka tebur ko zane ko wasu lambobi a ce ka yi lissafi ka fitar da amsa daga cikinsu, kuma wallahi shine wajen da yaran karkara suka fi zubar da maki a banza saboda tsoron lamba, alhali shine mafi sauƙin samun maki cikakke, saboda a lissafi babu ruwan mai makin da ko turancinka ya karye, in amsar daidai ce daidai ce. NECO ma haka take, objektif da tiyori, bambancin ba mai yawa bane. JAMB kuwa tambaya 40 ce a Ikonomiks duk objektif a kwamfuta. Silabus ɗinsu kusan ɗaya ne, dan haka karatu ɗaya zakayi ya ɗauke maka duka ukun, kar wani ya ruɗe ka da cewa sai ka sayi littafi daban-daban.

Kayan aiki ba su da yawa. Silabus, ka sauke shi a waya ranar da ka shiga gari inda netwok yake da ƙarfi, in da hali ka buga shi a takarda a shagon fotokofi dan waya caji ne da ita kuma kasan yadda wutar take. Littafin karatu guda ɗaya na SS1 zuwa SS3, ko tsoho ne ko bangonsa ya cire ba komai, ka tambayi waɗanda suka gama kafin kai, sau da yawa yana nan a ƙasan akwati ana ajiyar gara. Sai littafin tsofaffin tambayoyi, wato fas kwascin, wannan ko me zaka rasa kar ka rasa shi, in kuɗin bai kai ba ku haɗa ku uku ku saya. Sai littafin rubutu mai kauri, rula, fensir, da kalkuleta ƙarama. Shikenan. Kuma WAEC tana da shafi a intanet da take saka bayanin manyan masu makin a kan tambayoyin shekarun baya, suna faɗar inda ɗalibai suka yi kuskure, in ka samu data ka leƙa, zaka ga abubuwan da suke ƙorafi a kai kusan su ne dai kullum, zane babu suna a jikinsa, jero dalilai ba bayani, da lissafi ba'a nuna hanya ba.

Kar ka ɗauki littafi daga shafin farko kace sai ka kai ƙarshe, zaka gaji a babi na huɗu. Ga yadda ya fi. Ka ɗauki maudu'i ɗaya, ka karanta shi sau ɗaya a nutse, ka rufe littafin, ka rubuta abun da ka tuna da Hausarka a takarda kamar kana yiwa ƙaninka bayani, sannan ka buɗe fas kwascin ka bi shekara-shekara kana tsinto duk tambayar da ta shafi wannan maudu'in kaɗai kana amsawa a rubuce. Kafin ka gama zaka lura tambayoyin maimaita kansu suke, lambobi kawai ake canzawa. Amsoshin da ke bayan irin waɗannan littattafan kuma kar ka ɗauke su kamar wahayi, akwai kurakurai a ciki, in amsarsu ta saɓa da littafin karatu ka sake lissafawa da kanka.

Yanzu bari mu zauna sosai a kan lissafin, dan nan ne kuɗin yake.

Abu na farko fasent. In baka iya fitar da kashi cikin ɗari ba ka ajiye komai ka koye shi tukuna, dan rabin lissafin Ikonomiks a kansa yake tsaye. Bambancin sabo da tsoho, ka raba da tsohon, ka ninka da 100. Misali kwanon gero yana naira 1,000 ya koma 1,200, bambanci 200, raba da 1,000, ninka da 100, ya tashi da kashi 20 kenan. Mai awo da yana saida kwano 50 a yini yanzu 45 yake saidawa, bambanci 5, raba da 50, ninka da 100, ciniki ya ragu da kashi 10. Toh ilastisiti da ake ta tsoratar da ku dashi ba komai bane illa ka raba kashin canjin yawan kaya da kashin canjin farashi, 10 raba da 20, ya baka 0.5. In amsar bata kai 1 ba sunansa inilastik, wato mutane basu ja baya sosai ba duk da tsadar, in ta wuce 1 ilastik ne, in 1 ce cif yunitari. Kuma dalilin a fili yake, gero abinci ne, ko ya yi tsada sai an yi tuwo, amma ka ƙara kuɗin lemon kwalba kaga yadda za'a koma zoɓo. Abun da ake yawan ɗorawa a kan wannan tambayar shine a ce ka lissafa kuɗin da mai kayan ya samu, da 50 sau 1,000 wato 50,000, yanzu 45 sau 1,200 wato 54,000, kaga duk da ya saida kaɗan ya fi samun kuɗi. Juya shi kuma sai ka gane abun da yasa shekarar da damina ta yi albarka kowa ya cika rumbu sai kaji manoma suna kuka, saboda hatsi ya yi yawa farashi ya faɗi warwas amma cikin mutane bai ƙaru ba, faɗuwar farashin ta fi ƙaruwar cinikin. In ka iya bayanin wannan da kanka ka riga ka wuce yaran birni da yawa masu zuwa lesin.

Sai teburin gona. Wannan kusan kullum yana zuwa ta wata siga. Gona ɗaya ce bata ƙaruwa, ana ta ƙara ƴan ƙwadago. Mutum 1 ya samo buhu 10, mutum 2 buhu 24, mutum 3 buhu 36, mutum 4 buhu 44, mutum 5 buhu 48, mutum 6 buhu 48. Za'a bar maka wasu gurabe babu komai a ce ka cike. Abarej shine ka raba buhunan da yawan mutane, zai baka 10, 12, 12, 11, 9.6, 8. Majinal kuma shine abun da mutumin ƙarshe ya ƙara, wato ka ɗebe na sama daga na ƙasa, 10, 14, 12, 8, 4, 0. Daga mutum na uku abun da kowane sabon ma'aikaci yake ƙarawa ya fara raguwa, wannan itace dokar raguwar amfani da ke littafinku, kuma a mutum na shida majinal ya zama sifili wato zuwansa bai ƙara komai ba sai cin abincin gayya. Ka riƙe wannan, duk inda majinal ya zama sifili to a nan jimillar ta kai ƙololuwa, objektif suna son wannan tambayar.

Teburin kuɗin kashewa ma ɗan'uwansa ne. Ka ɗauka injin niƙa ne da kai, hayar shago 6,000 ko ka yi niƙa ko bakayi ba sai ka biya, wannan shine tsayayyen kuɗi. Mai da ladan yaro kuwa suna ƙaruwa da yawan aiki. In ka niƙa buhu 10 ka kashe 4,000 a mai da lada, jimilla 10,000, kowane buhu ya tsaya maka 1,000. In buhu na 11 ya kai jimillar 10,700 to majinal ɗinsa 700. Dabarar da suke yi a jarrabawa itace ba zasu faɗa maka tsayayyen kuɗin ba, sai su nuna maka a layin farko cewa kayan da aka yi sifili ne amma jimillar kashewa 6,000, toh wannan lambar itace tsayayyen kuɗin, ka kwafe ta har ƙasan tebur.

Akwai kuma wanda za'a baka Qd = 100 − 2P da Qs = 20 + 2P a ce ka nemo farashin daidaito, Qd yawan kayan da masu saye ke so ne, Qs yawan da masu saidawa suka kawo, P farashi, daidaito kuma shine inda Qd da Qs suka zo ɗaya. Ka haɗa su kawai, 100 − 2P = 20 + 2P, sai 80 = 4P, P ya zama 20, ka mayar da 20 cikin ko wanne daga cikinsu zai baka 60. Minti uku bai kamata ya ɗauke ka ba. Da zanen da'ira mai yanka-yanka, gida ya kashe 120,000, abinci 60,000, taki 30,000, makaranta 20,000, magani 10,000, kowanne ka raba da jimilla ka ninka da 360, zaka samu digiri 180, 90, 60 da 30, in ka tara basu baka 360 ba akwai inda ka kauce. Min da midiyan da mod ma kar ka raina su, min shine ka tara lambobi ka raba da yawansu, midiyan ta tsakiya in an jera su, mod kuma wadda ta fi maimaituwa. Sai ƴan ƙananan na gaba, GDP, wato darajar duk abun da aka samar a cikin ƙasa a shekara, in ka haɗa masa abun da ƴan ƙasa suka samo a waje ka cire wanda baƙi suka fitar ya zama GNP, in ka cire lalacewar kayan aiki ya zama NNP, kuɗin shiga na kowane mutum kuma ka raba kuɗin ƙasa da yawan jama'a. Da yadda banki ke hayayyafa kuɗi, an ajiye 100,000 doka tace a riƙe kashi 20, to jimillar da zata iya kaiwa 500,000 ce. A duk waɗannan ka rubuta fomula tukuna, ka saka lambobin, sannan amsa, kuma ka saka alamar naira ko buhu ko kashi, saboda kowane mataki da makinsa, ko amsar ƙarshe ta kuɓuce maka zaka tsira da wani abu.

Giraf kuma sai da fensir da rula. Farashi a layin tsaye, yawan kaya a layin kwance, ka rubuta sunansu a jiki, layin buƙata wato dimand yana gangarowa daga hagu zuwa dama, layin kawo kaya wato saflai yana hawa, inda suka haɗu nan ne daidaito. Zane babu suna a jiki kamar bakayi ba ne. Inda ake kama mutane shine bambancin tafiya a kan layi da matsawar layin gaba ɗaya. In farashin kayan da kansa ne ya canza to a kan layin ake tafiya, sama ko ƙasa. In wani abu ne daban ya canza to layin ne yake matsawa. Ana saura sati biyu babbar sallah kowa na neman rago, ba wai dan rago ya yi araha ba, layin dimand ne ya matsa dama farashi ya hau. Lokacin da tumatirin Kadawa ya nuna a rani kwanduna suka cika Kwanar Gafan, layin saflai ne ya matsa dama farashi ya faɗo. Taki ya yi tsada, saflai ya matsa hagu. Kullum kafin ka kwanta ka ƙirƙiro irin wannan guda biyu daga abun da kaji a majalisa ka zana, cikin wata ɗaya hannunka zai dinga yi da kansa. Ka haɗa da zanen ƙayyade farashi, in gwamnati ta yanka farashi ƙasa da na daidaito masu so sun fi kayan yawa, sai layi, sai ɓoye kaya, sai ƴan bumburutu a bakin titi da galan. In kuma an yanka shi sama da daidaito kaya ne zasu yi kwantai, misalin da littafi ke bayarwa anan shine mafi ƙarancin albashi, wanda aka mayar naira 70,000 a 2024.

Toh sai sashen B inda turanci yake cin mutane. Gaskiyar magana ba dogon turanci ake nema ba. In aka ce ka kawo dalilai huɗu, ka rubuta dalilin a jimla ɗaya, ka ƙara jimla ɗaya ko biyu da ke nuna ta yaya, in da misali ka saka, ka sauka layi ka kama na biyu. Wanda ya rubuta kalma ɗaya-ɗaya ya jero kamar lissafin cefane rabin maki ko ƙasa da haka zai samu ko da duk daidai ne. Ka kula da kalmar da tambaya ta fara da ita, akwai wadda ma'ana kawai take so, akwai wadda jerowa take so, akwai wadda bayani take so, akwai ta bambancewa, kuma a ta bambancewa dole ka taɓo ɓangaren biyu a kowane batu, kace wannan kaza ne shi kuwa wancan kaza ne. Ka ware shafukan bayan littafinka ka dinga tara ma'anoni, gajeru, ka haddace su yadda ka haddace hadisan Islamiyya, dan su kam ba'a yi musu kwaskwarima. Ma'anar Ikonomiks ta Lionel Robbins ta 1932 tana cikin waɗanda dole ka iya kalma da kalma. Sauran kuwa fahimta ce da kake da ita tun a gida. Kuɗinka na buhun taki ɗaya ne, ko ka sayi takin ko ka sayi tunkiya, in ka sayi taki to tunkiyar da ka haƙura da ita itace ofotuniti kos, ba kuɗin da ka biya ba, nan ma ana faɗawa rami a objektif. Adashi yana cikin silabus a matsayin hanyar tara kuɗi ta gargajiya. Hanyar da kaya ke bi daga manomi zuwa ɗan sari zuwa mai awo zuwa mai ci, da rawar da dillali yake takawa da ko ya kamata a kawar dashi, tambaya ce da ta sha fitowa, kuma wanda ya taɓa ganin yadda hatsi ke tashi daga Gujungu ya sauka Dawanau ba sai an yi masa dogon bayani ba. Matsalolin noma kuwa, rashin jari, rashin hanya, rashin wajen ajiya, gadon gona da ake ta yankawa har ta zama ƴar mitsitsiya, ambaliya irin wadda ƙasar Haɗeja ke fama da ita, duk kai zaka koyawa mai littafin, aikinka kawai ka mayar dasu jimlolin turanci masu sauƙi ka rubuta su sau da yawa har su zauna.

Wahalar kuɗin takarda ta farkon 2023 lokacin canjin naira ma darasi ce sukutum a babin kuɗi. A wasu ƙauyuka sai da aka koma cinikin ba ni gishiri in ba ka manda, kuma kowa ya ga matsalarsa, sai ka samu wanda yake son abun hannunka kuma yana da abun da kake so, ga rashin ma'auni, ga abun da ba ya rabuwa. Daga nan ayyukan kuɗi suke fitowa, abun musaya, ma'aunin daraja, ajiyar dukiya, da biyan bashi nan gaba. Hauhawar farashi kuma iri biyu ake yawan tambaya, wadda kuɗi suka yi yawa a hannun mutane kaya suka yi kaɗan, da wadda kuɗin samar da kayan ne ya tashi, ta biyun kun ganta da idonku bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya tashi komai ya bi shi.

Akwai ɓangaren da babu dabara sai hadda, shekaru da sunayen hukumomi, kuma JAMB da objektif suna tsintar su. Babban Bankin Najeriya ya fara aiki 1959. Naira ta maye gurbin fam a 1973. An samu man fetur a Oloibiri 1956. An kafa OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da man fetur, a 1960 Najeriya ta shiga 1971. ECOWAS 1975 a Legas, hedikwatarta yanzu Abuja. IMF da Bankin Duniya daga taron 1944 suka fito, ka san bambancinsu, na farko yana taimakon ƙasa in ta shiga matsalar biyan kuɗin waje na ɗan lokaci, na biyu bashin ayyukan raya ƙasa na dogon zango. Bankin Raya Afirka yana Abidjan. Shirin gyaran tattalin arziki na SAP 1986 zamanin Babangida, a shekarar ne kuma aka rushe hukumomin sayen amfanin gona irin waɗanda suka yi zamanin dalar gyaɗa a Kano. Ƙidayar 2006 ta bada mutum miliyan 140 da ɗoriya. Harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a 2020. Malthus shine mai cewa jama'a na ƙaruwa fiye da abinci, Adam Smith shine mai ƙa'idojin haraji huɗu, David Ricardo kuma shine na cinikin ƙasa da ƙasa inda kowa zai riƙe abun da ya fi masa sauƙin samarwa, ka tuna da riɗi da zoɓon Jigawa da ake fita dasu waje. Rubuta waɗannan a takarda ɗaya ka manna a bangon ɗaki kusa da inda kake sallah, kullum ido na kai wa.

Maganar lokaci kuma, mu nan matsalarmu daban ce. WAEC ta ƴan makaranta tana faɗowa Mayu zuwa Yuni, NECO ɗinsu Yuni zuwa Yuli, daidai lokacin sharar gona da shuka da noman farko, kuma babu baban da zai bar ka kwance da littafi ana shuka. Dan haka karatun gaske a rani ake yinsa, daga an gama kaka har zuwa bazara, in damina ta kawo kai ya zama bita kawai ta rage. Awa ɗaya bayan asuba kafin gari ya waye a fara aike ta fi awa uku na dare da fitilar sola kana gyangyaɗi. Ƴan mata kuma, ƙannena, nasan aikin gida ba ya ƙarewa, ku zauna da Inna ku nemi alfarmar lokaci ɗaya tsayayye ko da tsakanin azahar da la'asar ne, in an san lokacin karatu ne an fi ɗaga ƙafa a kan a ganki da littafi kowane lokaci. Sau ɗaya a sati ku haɗu ku biyu ko uku, kar ku wuce haka dan zai koma hira, kowa ya amsa tambayar tiyori ɗaya ku yi musayar takarda ku yiwa juna makin ba sani ba sabo. In akwai wani ɗan garinku da ke BUK ko jami'ar Dutse ko ta Kafin Hausa ko kwalejin Gumel, ku tara abubuwan da suka gagare ku a takarda ku jira shi ya zo hutu, tambaya biyar da aka rubuta ta fi a ce masa yaya koya mana Ikonomiks. Saura wata biyu kuma ka fara zaman gwaji, ka saka agogo, tambaya 50 a awa ɗaya, tiyori huɗu a awa biyu wato minti talatin-talatin, ba tashi ba duba littafi.

Masu turo saƙo a WhatsApp wai suna da amsa a tura musu kati, kuɗinka zasu ci, in ma an kama ka da waya a ɗaki sakamakon gaba ɗaya ake riƙewa ba Ikonomiks kaɗai ba.

Ranar tiyori ka ɓata minti biyar na farko ka karanta duka takwas ɗin kafin ka taɓa biro, ka zaɓi waɗanda kake da abun faɗa da yawa a kansu ba waɗanda suka fi gajarta ba, ka duba ƙananan sassan kowace tambaya dan wata farkonta daɗi ƙarshenta ɗaci. Kar ka amsa biyu a sashen A kana tunanin za'a zaɓa maka mai kyau, lokacinka kawai ka ƙona. A objektif kar ka bar gurbi, in ka rasa ka cire biyun da ka tabbata ba su bane ka canka a sauran.

Mai niyyar karanta Ikonomiks a jami'a kuma ya sani sai da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, wato C6 zuwa sama, kuma a JAMB Turanci da Lissafi da Ikonomiks ne sai ɗaya daga irin su Gwamnati ko Jogirafi ko Tarihi, amma ka duba ƙa'idar makarantar da kake so kafin ka cike dan suna ɗan bambanta. Sai da lambar NIN ake rijistar JAMB, ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a NIN da WAEC da JAMB tun kafin lokaci ya ƙure, gyaran yana cin kuɗi da zirga-zirga. A JAMB tambaya 180 ce gaba ɗaya a awa biyu, kaga kowace bata kai minti ɗaya ba, dan haka masu lissafi ka tsallake su ka dawo daga baya. In baka taɓa zama gaban kwamfuta ba ka yi rijistar jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa, ko ka shiga kafe a hedikwatar ƙaramar hukumarku ka biya kuɗin awa ɗaya ko biyu ka saba da maus da madannai, A B C D na zaɓar amsa, N na gaba, P na komawa baya, kalkuleta kuma tana nan a jikin allon kwamfutar ba sai ka shiga da taka ba.